Ido, Tsinke da Kwarkwata: Sharhi a Kan Jerin Kalmomin Saƙa da Ɗinki Tsakanin Ingilishi da Harshen Norwe

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce yin sharhi a kan wani ɗan ƙaramin ƙamus wanda masana harshe ba su cika waiwayarsa ba, watau jerin kalmomin sana'a mai layi biyu. Irinsa ne akan liƙa a ƙarshen littattafan koyar da saƙa da ɗinki, ko a bayan takardun umurni da kamfanonin zare ke bugawa, ko kuma a shafukansu na intanet. Wanda muka zaɓa shi ne mai haɗa harshen Norwe da Ingilishi. Sigarsa sananniya ce: kalmar Norwe a hagu, ta Ingilishi a dama, ɗaya daura da ɗaya, ba bayani, ba misali. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, wannan siga tana fassara kalma ne ta bar aikin hannu a baya, kuma inda ta fi kama da gaskiya a nan ta fi ɓad da mai karatu.

Wataƙila wani ya ce, ina ruwan taron nazarin harshe da rigunan sanyi na wata ƙasa mai nisa? Dalilinmu shi ne, Norwe ƙasa ce mai mutane kimanin miliyan biyar da rabi, amma zane-zanen saƙarta sun yi nisan da harshenta bai yi ba, saboda haka kullum ana cikin fassara su. Bugu da ƙari, harshenta da Ingilishi 'yan ɗaki ɗaya ne, daga tushen harsunan Jamusawa suka fito. In har fassarar kalma da kalma ta gaza tsakanin 'yan'uwa biyu, a kan abin da ake riƙewa da hannu a gani da ido, to mu da ke fama da ƙirƙirar kalmomin fannu a Hausa muna da abin dubawa a ciki.

Kafin mu ci gaba ya kamata mu daidaita kalmominmu. A Hausa kalmar saƙa ta haɗa aikin masaƙi da na mai tabarma da na mai rigar sanyi. A wannan takarda in mun ce saƙa, muna nufin wadda ake yi da tsinkaye biyu ko fiye. Ta ƙugiya kuwa za mu kira ta kwarashi, kamar yadda mata ke kiranta. Kowane zarge guda da ke kan tsinke za mu kira shi ido.

2.0 Kamannin da ke yaudara

Duk wanda ya fara duba irin wannan jeri zai ji hankalinsa ya kwanta. Zai ga *ull* daura da *wool*, *garn* daura da *yarn*, *tråd* da *thread*, *nål* da *needle*, *sy* da *sew*, *søm* da *seam*. Waɗannan duka gado ne, domin kaɗi da ɗinki sun girmi rabuwar harsunan biyu. Saƙar tsinke kuwa baƙuwa ce, ba ta yaɗu a arewacin Turai ba sai wajen ƙarni na 15 da na 16, lokacin da kowane harshe ya riga ya kama gabansa. Don haka kowannensu ya laluba cikin jakarsa ya raɗa mata suna. Ingilishi ya ɗauki *knit*, wadda asalinta ƙulla abu ne. Harshen Norwe ya aro *strikke* daga Jamusawa, ya bar tasa kalmar, *knytte*, a kan ma'anarta ta dā. Ke nan *knit* da *knytte* uwa ɗaya uba ɗaya suke, amma wadda ta ga kamar ta ɗauka aikinsu ɗaya, sai ta ƙulle zaren da aka ce ta saƙa.

Ba wannan kaɗai ba ce. *Perlestrikk* ta yi kama da *purl* a kunne, alhali kuwa ba su haɗa komai ba. *Perle* lu'ulu'u ne, sunan kuma na wani salon saƙa ne mai gudaji-gudaji. *Dress* a harshen Norwe kwat ne da wando na maza, rigar mata kuwa *kjole* ce. Jerin kalmomi mai kyau shi ne wanda zai tsaya a irin waɗannan wurare ya ɗaga wa mai karatu hannu. Layi biyu ba su da wurin yin haka, domin aikinsu faɗin abin da kalma take nufi, ba faɗin abin da za a zaci tana nufi ba.

3.0 Inda harsunan suka yanka nama dabam

Babbar matsalar ba ta kamanni ba ce, ta rabo ce. Kowane harshe ya raba sana'ar gunduwa-gunduwa, amma ba a gaɓa ɗaya suka sa wuƙa ba.

Mu ɗauki *stitch*. Ingilishi yana kiran idon saƙa da ita, yana kiran taku guda na allura a cikin yadi da ita, har ma salon saƙa gaba ɗaya. Harshen Norwe ya raba: idon saƙa *maske* ne, takun allura *sting* ne, salo kuwa sau da yawa da ɗafin *-strikk* ake gina sunansa. Abin sha'awa, *maske* ita ce kuma idon ragar kamun kifi, kamar yadda *garn* take nufin zare take kuma nufin ragar kanta, abin da ba zai ba da mamaki ba ga mutanen da ke zaune a bakin teku. Wannan ne ya ƙarfafa mana guiwa muka zaɓi ido a Hausa. Haka nan *needle*: ta ɗinki *nål* ce, ta kwarashi ma *heklenål* ce, amma ta saƙa *pinne* ce, watau tsinke ko ɗan sanda. Mai karanta jerin daga hagu zuwa dama ba zai ga matsala ba. Mai juyo shi daga dama zuwa hagu, yana son rubuta wa mai sayar da kaya a Oslo, shi ne zai nemi allura a aiko masa da abin da bai nema ba.

To, kada a ɗauka harshen Norwe ne kullum mai rarrabewa. Ita wannan *pinne* ɗin tana da fuska biyu: tsinken kansa, da kuma layi guda da aka saƙa daga wannan gefe zuwa wancan. Ingilishi a nan ya fi tsantseni, yana da *needle* yana da *row*. Saboda haka *pinne 4* tsinke ne mai kaurin milimita 4, *4 pinner* kuwa yana iya zama tsinkaye huɗu, yana iya zama layi huɗu, sai jimla ta raba gardama. In kuma saƙar ta kewaye ce, ba a juya aiki, to ba a cewa *pinne*, sai *omgang*. Haka *pattern* ta Ingilishi ta rabu uku: rubutaccen umurni *oppskrift* ne, kalmar da ake kiran umurnin dafa abinci da ita, adon launi *mønster* ne, zanen murabba'ai da ake bi ido da ido kuma *diagram* ne.

Wurin da ya fi cancantar a dakata shi ne kalmomin nan biyu, *rett* da *vrang*. Saƙa duk iya yawan salonta a kan ido iri biyu ta tsaya: wanda ake zaro zare ta gaba, fuskarsa sumul, da wanda ake zarowa ta baya, mai ɗan tudu. Ingilishi yana kiransu *knit* da *purl*. Sa'an nan yana da wasu kalmomi dabam na fuskar tufa da cikinta, watau *right side* da *wrong side*. Harshen Norwe kuwa da tagwaye ɗaya yake yin aikin biyu. Ido na farko *rett* ne, na biyu *vrang*. Fuskar tufa *retten* ce, cikinta *vrangen*. Dubi wannan jimla da muka tsara bisa yadda suke rubuta umurni:

(1) *Strikk 1 pinne rett fra vrangen.*

Ma'anarta, a saƙa layi guda da ido na farko alhali cikin tufa ne ke fuskantar mai saƙa, abin da zai fid da ɗan tudu a fuska. Wadda ta dogara ga jeri za ta tarar *rett* ita ce *knit*, *vrang* ita ce *purl*, sai ta ga an ce mata ta yi abu da kishiyarsa a numfashi ɗaya. Ga hikimar da ke cikin tsarin Norwe wadda jerin ya binne: ido na biyu ba wani abu ba ne illa bayan ido na farko. Harshen da kansa yana koya wa yarinya wannan tun ranar da ta fara riƙe tsinke, Ingilishi kuwa sai an yi mata bayani. Wani abin lura, *wrong* ta Ingilishi aro ce daga tsohon harshen mutanen Sikandinebiya da suka zauna a arewa da gabashin Ingila tun ƙarni na 9, watau ita da *vrang* abu guda ne. A nan kamannin gaskiya ne, amma rabinsa kawai.

Kalmar *felle* ma haka take. Ita kaɗai tana nufin rage yawan ido don tufa ta tsuke. In aka ƙara mata *av* sai ta zama rufe saƙa gaba ɗaya a sauke ta daga tsinke. Ingilishi kalmomi biyu ne da ba su haɗa hanya ba, *decrease* da *cast off*. Amma masu rubuta umurni a Norwe sukan ce a *felle* ido kaza don hammata, suna nufin a rufe su. Jerin da ya ba *felle* ma'ana ɗaya ya yi wa mai karatu rowar rabin gaskiya.

4.0 Wane Ingilishi?

Layin dama na jerin yakan ɗauki take guda, Ingilishi, sai ka ce abu ɗaya ne. A wannan sana'a kuwa Ingilishi biyu ne, na Birtaniya da na Amurka. Wani sa'in bambancin na suna ne kurum, ba ya cutarwa: *felle av* ita ce *cast off* a London, *bind off* a New York, *strikkefasthet*, watau yawan idon da ke cika awo, *tension* ce a can, *gauge* a nan, *glattstrikk* kuma *stocking stitch* ce ko *stockinette*. Mai hankali zai gane.

Inda abin ya yi muni shi ne inda kalma ɗaya take a ƙasashen biyu amma aikinta dabam. *Perlestrikk* da muka ambata *moss stitch* ce a Birtaniya, *seed stitch* a Amurka, alhali Amurkawa suna da tasu *moss stitch* wadda wani salo ne dabam. A kwarashi abin ya fi haka. Harshen Norwe yana da gajeren ido, *fastmaske*, da dogo, *stav*. Birtaniya tana kiran gajeren *double crochet*, dogon kuma *treble*. Amurka tana kiran gajeren *single crochet*, dogon kuma *double crochet*. Ke nan in jeri ya rubuta *double crochet* bai faɗi ƙasa ba, bai faɗi komai ba. Mun ga wannan da idonmu a wurin wata ɗalibarmu ta sashen koyar da tattalin gida, wadda ta bi wata fassara tsakaninta da Allah, tana son hular jariri, ta ƙare da abin da ya fi kama da jakar zuba goro. Ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. An rubuta umurnin da Ingilishin wata ƙasa, ita kuwa an koya mata na wata.

Lambobin tsinke su ma suna da nasu tarko. A Norwe da milimita ake auna kaurin tsinke, lamba 4 milimita 4 ce, shi ke nan. A tsohon tsarin Birtaniya, wanda har yanzu yana cikin tsofaffin littattafai da akwatunan kakanni, lamba tana hawa tsinke yana sirancewa. A na Amurka lamba tana hawa tsinke yana kauri. Sai aka yi rashin sa'a tsarin biyu suka gicciye a daidai inda aka fi aiki: tsinken milimita 4 shi ne lamba 8 a Birtaniya, lamba 6 a Amurka, na milimita 5 kuwa lamba 6 ne a Birtaniya, lamba 8 a Amurka. Kada a raina milimita guda. A ce umurni ya nemi ido 22 a cikin santimita 10, rigar kuma faɗin ƙirjinta santimita 100 ne, watau ido 220. In tsinke ya yi kauri har ido 20 suka cika santimita 10, rigar za ta fito santimita 110. Aikin makonni ke nan da zaren ulu mai tsada, an yi wa wanda ba shi aka auna ba.

A nan dole mu yaba wa kamfanin Garnstudio na Norwe, mai fid da takardun DROPS, domin ya raba fassararsa ta Ingilishi gida biyu, ɗaya ta Birtaniya da santimita, ɗaya ta Amurka da inci. Wannan amincewa ce da cewa layi biyu ba su isa ba, a ƙalla sai uku.

5.0 Taƙaitattun kalmomi da fassarar na'ura

Umurnin saƙa ba a cika rubuta shi da cikakkun kalmomi ba, da haruffa ake yi, kuma a nan ne harsunan biyu suka yi karo na ban dariya. Harafin *p* a takardar Norwe *pinne* ne, a ta Ingilishi *purl* ne. *Sm* a ta Norwe *sammen* ce, watau a haɗa ido biyu a saƙa su tare, a ta Ingilishi kuwa umurni ne na a tsallakar da 'yar alamar da ke kan tsinke. *St* a Ingilishi *stitch* ce, kowane ido ke nan, a kwarashin Norwe kuwa *stav* ce, dogon ido kaɗai. Mai fassarar da ya juya kalmomi ya manta da harafi guda ya bar nakiya a cikin takarda. Ga kuma wata 'yar matsala ta jerantawa: abacadar Norwe haruffa 29 ne, uku na ƙarshe su ne æ, ø, å. Don haka *øke*, ƙara ido, wadda tana cikin kalmomi goma da aka fi bukata, tana can ƙarshen jeri bayan *z*, baƙo kuwa a ƙarƙashin *o* zai neme ta ya rasa.

Da na'urorin fassara suka shigo, sai suka nuna wannan rauni a fili, musamman na farko-farkonsu. *Masker* jam'in ido ne, kuma jam'in abin rufe fuska ne. *Felle* tarko ce, kuma sare itace ne. *Kast*, watau ɗora zare bisa tsinke don a sami sabon ido, jifa ce a maganar yau da kullum. Na'urorin sun inganta ƙwarai a 'yan shekarun nan. Amma ya kamata a lura, ba su inganta ba sai da suka daina duban kalma ita kaɗai suka koma duban jimla, watau sai da suka bar hanyar da jerin nan yake kai har yanzu.

6.0 Abin da hannu ke yi

Ko da an gyara duk abin da muka lissafa, akwai sauran magana, domin mai saƙa a Bergen da mai saƙa a Leeds ba hanya ɗaya suke bi zuwa riga ba. A salon Ingila da hannun dama ake riƙe zare a naɗa shi bisa tsinke. A Norwe da hagu ake riƙewa, tsinke ya tsinto shi. Har ma suna da wata dabara ta yin ido na biyu ba tare da an kawo zare gaban aiki ba, wadda masu Ingilishi suka laƙaba wa sunan ƙasar. Saboda haka *vrang* da *purl* sakamakonsu ɗaya, motsinsu dabam, kuma bayanin da ya ce a fara kawo zare gaba bai dace da hannun da ya koya a Norwe ba.

Ginin rigar ma dabam ne. Takardun kasuwa na Birtaniya a ƙarni na 20 sun saba da saƙa gaba dabam, baya dabam, hannuwa dabam, a rubuta umurni layi bayan layi, daga baya a harhaɗa da allura. A Norwe rigar ado akan saƙa ta ne a kewaye bisa *rundpinne*, tsinke biyu da igiya ta haɗa, ta tashi kamar bututu tun daga ƙugu har kafaɗa, fuskarta na kallon mai saƙa koyaushe, ana bin zane maimakon rubutu. In an gama sai a hau keken ɗinki a yi layi biyu a inda hannu zai shiga, a sa almakashi a tsaga tsakaninsu. Idon da aka ƙara don wannan tsagawa su ne *oppklippsmasker*. Jerin yakan ba su *steek*, kalmar da Ingilishi ya samo daga mutanen Sikotlan, wadda da yawa daga masu Ingilishin ba su santa ba sai da marubuta irin su Elizabeth Zimmermann, haifaffiyar Ingila mazauniyar Amurka, mai littafin *Knitting Without Tears* na 1971, suka yi ta jan hankalinsu zuwa saƙar kewaye. Wadda ba ta taɓa ganin an sa wa saƙa almakashi ba, kalma ɗaya ba za ta ba ta ƙarfin halin yanka aikin wata biyu ba. Shi ya sa umurnin Norwe yake gajere, yana ganin mai karatu ta riga ta gani a wurin uwarta ko a makaranta. Fassarar da ta tsaya a tsawonsa ta gaji gajartarsa ba ta gaji uwar ba.

A fagen ɗinki ba za mu daɗe ba, domin kalmominsa sun fi jituwa, kuma kayan keke kusan iri ɗaya ne ko'ina. Abu biyu kawai za mu nuna. Na farko, *sømrom* ko *sømmonn*, watau rarar yadi da ake bari a bakin yanka don ɗinki ya ci. Fassararta ba wuya, amma takardun yanka na manyan kamfanonin Amurka sukan haɗa da rarar, kashi biyar cikin takwas na inci, alhali na mujallu irin su Burda ta Jamus sun saba barin tela ya ƙara da kansa. Tambayar da tela ke bukata ita ce, an sa ko ba a sa ba? Na biyu, sunayen yadi da tufafi: farin yadin auduga mara rini *calico* ne a Birtaniya, *muslin* a Amurka, inda *calico* ke nufin yadi mai ƙananan furanni, *vest* kuma singileti ce a Birtaniya, amma a Amurka da Norwe 'yar shara ce ta sama.

7.0 Sunayen da ba su fassaruwa

Akwai rukunin kalmomin da a ganinmu kuskure ne ma a nema musu takwara. Jeri yakan ce *genser* ita ce *sweater* ko *jumper*, *kofte* kuma *cardigan*. Ta farko ba laifi, har ma akwai daɗin labari a ciki, domin *genser* daga sunan tsibirin Guernsey ta fito, watau aro ce daga wajen Ingilishi ta dawo tana neman fassara. Ta biyu ce ke da magana. *Cardigan* riga ce mai buɗaɗɗen gaba, an sa mata sunan wani hafsan Birtaniya na yaƙin Kirimiya wanda ya yi suna a 1854. *Lusekofte* ta kwarin Setesdal kuwa, wadda maza suke sawa tun ƙarni na 19, a sigarta ta asali ba a buɗe take har ƙasa ba: ta ka ake sa ta, tana da 'yar tsaga a wuya da aka yi wa ado da surfani da maɗauran ƙarfe, baƙa da fari ce, gindinta kuma fari fat domin cikin wando yake shiga. *Lus* kuwa kwarkwata ce, sunan ɗige-ɗigen farin ido ɗai-ɗai da aka watsa a jikin baƙin. Wanda ya fassara sunan kai tsaye ya ba mutane ƙyama, wanda ya ce *cardigan* ya canza rigar. Daidai yake da a ce za a fassara aska takwas ta babbar riga a tsaya a kan kayan wanzami.

Haka abin yake ga *selbuvott*, safar hannu marar rabon yatsu ta gundumar Selbu kusa da Trondheim, mai tauraro mai tsini takwas, wadda ake danganta farkonta ga wata yarinya, Marit Emstad, a 1857. Haka kuma zanen Marius, mai ja da fari da shuɗi, wanda Unn Søiland ta tsara a 1953 tana tsotso daga na Setesdal. Waɗannan sunaye tarihi ne, kuma tun 1929 Annichen Sibbern Bøhn ta tattara irin waɗannan zane-zane a littafinta *Norske strikkemønstre*. Abin da ya fi damunmu shi ne yadda wasu jerin ke fassara *mønsterstrikk*, saƙa mai launi biyu ko fiye, da *Fair Isle*. Fair Isle tsibiri ne a Shetlan mai nasa salo da nasa launuka. Gaskiya ne masu Ingilishi sun saba yafa sunan a kan kowace saƙa mai launi, gaskiya ne kuma Shetlan tana ƙarƙashin sarautar Norwe har 1469. Amma wannan bai sa safar Selbu ta zama ta Sikotlan ba. A nan jerin bai tsaya ga gazawa ba, ya ɗauki kayan wani ya rubuta sunan wani.

Layin hagu ma ba shi da tsarki. Harshen Norwe rubutu biyu gare shi a hukumance, Bokmål da Nynorsk, na biyun ya samo asali daga aikin Ivar Aasen a kan karin harshen karkara, kuma tun 1885 aka daidaita matsayinsu. Einar Haugen ya shigar da duka biyun a ƙamusunsa na Norwe da Ingilishi na 1965. Jerin masu zare kuwa kusan kullum Bokmål ne zalla, sai ka nemi *saum* ka tarar da *søm* kaɗai. Tsofaffin kalmomin karkara na saƙa, *binde* da *spøte*, waɗanda *strikke* ta ture, ba su da gurbi ko kaɗan, alhali kuwa a bakin masu su aka fara yawancin zane-zanen da ake fassarawa.

8.0 Yadda shigarwa guda za ta kasance

Ba muna cewa a jefar da jerin ba. Gajere ne, ba shi da tsada, yana shiga jakar saƙa, kuma wadda ta riga ta iya aikin takan ci moriyarsa, domin hannunta yana cike abin da takarda ta bari. Wadda yake cuta ita ce sabuwar shiga, ita ce kuwa aka yi shi dominta. Gyaran da muke ba da shawara ba ya bukatar babban littafi. A rage yawan kalmomi, a zubar da irin su *ull* da *saks* waɗanda kowane ƙamus zai bayar, a kashe wurin a kan talatin ko arba'in ɗin da ke da haɗari. Kowace a ba ta taƙaitaccen harafinta, da takwararta ta Birtaniya da ta Amurka in sun saɓa, da jimla guda ta misali, da gargaɗi in akwai. Ga yadda muke ganin ta *pinne* za ta zauna, in da Hausa ake bayanin:

(2) *pinne*, a taƙaice *p*. Ɗaya: tsinken saƙa, *needle*, lambarsa milimita ce, kada a karanta ta da lambar Birtaniya ko ta Amurka. Biyu: layi guda na saƙar kai da komo, *row*, in saƙar kewaye ce duba *omgang*. Misali: *Strikk 4 p på p 3*, a saƙa layi huɗu da tsinken milimita 3. Hattara: *p* a takardar Ingilishi *purl* ce, wadda a nan ake rubuta ta *vr*.